Ta'aziyyar Da Na Rasa Wanda Zan Yi Wa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an yi sallah lafiya, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Na san filin wasiƙu ba shi da yawa, tawa kuwa doguwa ce, amma ka yi haƙuri da tsoho. Kwana arba'in da 'yan kai ke nan maganar nan tana cina a rai, ban samu wanda zan amayar wa ba.

Ranar Asabar 20 ga watan Yunin 2015 muka rasa Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Jaridu da gidajen rediyo sun yi masa abin da ya dace da shi. Asabar ɗin da ta zagayo, 27 ga wata, muna da azumi goma a baki, wani makaɗin tsirkiya ya mutu a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka. Sunansa Chris Squire, Bature ne ɗan Ingila, shekarunsa 67, sankarar jini ce ajalinsa. Shi ne makaɗin jitar bes na ƙungiyar Yes tun ranar da aka kafa ta a 1968. Ban ga ko layi ɗaya a kansa da Hausa ba, kuma ban ga laifin kowa ba, don a ina za a san shi? Ɗanmaraya tsirkiya ɗaya yake kaɗawa a kan gwangwanin da aka rufe da fata, wannan kuwa huɗu yake kaɗawa a jikin katako mai wayar lantarki. Amma ni a wurina mako guda ya ɗauke mutum biyu da na tashi da sautinsu a kunne. Na farkon na samu abokan jimami a masallaci da kasuwa da cikin motar haya. Na biyun ko uwargida da na gaya wa cewa ta yi, "Wane ne kuma haka? Ɗan ƙwallo ne?"

Ka lura na ce ya mutu, ban ce ya rasu ba. Na san al'adarmu, na kuma san iyakata. Mutumin nan ba Musulmi ba ne, ba addu'a na zo nema masa ba, lamarinsa yana wurin wanda ya halicce shi. Na kuma san akwai masu karatu da za su ce dattijo da furfura ya rasa abin rubutu sai makaɗin Turawa. Na ji, na gode. Amma mutum ya shekara arba'in yana shiga ɗakinka ta cikin lasifika, ya koya maka sana'ar da ka ci abinci da ita har ka aurar da 'ya'ya, in ya tafi ka yi shiru kamar ba ka san shi ba, wannan butulci ne ko a wace al'ada.

Kuskure ne ya haɗa ni da shi. A 1975 yayana, wanda yake aikin reluwe a nan Kaduna, ya karɓi kuɗin Udoji. Waɗanda suka ga lokacin sun san abin da aka yi da kuɗin nan: wani babur, wani ƙarin aure, wani firij. Shi Yaya garmahon zamani ya saya, mai amfilifaya daban da manyan sifiku biyu, kowace ta kai gwiwar mutum. Faifan da ya fi so a lokacin na Osibisa ne, ƙungiyar nan da Teddy Osei da 'yan uwansa mutanen Gana suka kafa a Landan tare da wasu 'yan Karibiyan da ɗan Najeriya guda, Lasisi Amao. A bangon faifan akwai zanen giwaye masu fukafukai suna shawagi a sama. Rannan ya ƙirgo kuɗi ya ce, "Je ka kanti ka sayo mini ɗayan faifan masu giwayen nan." Na je, mai kanti ya ce ya ƙare. Ina cikin bincika akwatin faifai sai na ga wani bango: wata 'yar duniya shuɗiya da kore tana rataye a sarari, ga wani ɗan jirgin katako yana tashi a kanta. Hannun mai zanen ɗaya ne, ko yaro ya gani zai gane. Na duba na ga sunan, Roger Dean, shi ne dai mai giwayen. Da hankalin ɗan shekara ashirin da biyu na yanke cewa tunda mai zane ɗaya ne, kiɗan ma dangin juna ne. Na biya na kamo hanya ina murna. Sunan faifan Fragile, na 1971.

Yaya ya goge faifan da ƙyalle ya ɗora allura. Da farko wani sauti ya taso a hankali kamar iska na turo ƙofa, sai jita mai sanyi, ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya dube ni, don babu ganga ko ɗaya irin ta Osibisa. Can sai wani abu ya faɗo cikin ɗakin. Gurnani ne daga ƙasa, amma a kansa akwai ƙarar ƙarfe kamar ana jan sarƙa a kan kwanon rufi, yana gudu yana tsalle, bai tsaya inda aka san bes na tsayawa ba. Yaya ya zabura ya ɗage allura ya hure ta. Ya mayar, abin ya dawo. Ya ɗauko tocila ya cire murfin sifika yana haska takardar ciki, a zatonsa sabuwar sifikarsa ta yage. Da ya tabbatar kayansa lafiya lau, sai ya juyo ya sakar mini ranƙwashi a tsakar ka, ya ce in mayar da faifan Turawan nan in karɓo masa kuɗinsa. Mai kanti ya nuna mini allon da ya rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Haka faifan ya zauna a gidanmu kamar baƙon da aka rasa yadda za a kora.

Ba a yi wata uku ba Yaya ya fi ni sa shi. Shi ya raɗa wa mai bes ɗin suna Kan Jirgi, ya ce sautinsa sak kan jirgin kaya in ya hau gadar kogin Kaduna da asuba. Har ya bar duniya a 2009 bai taɓa kiran sunan Squire daidai ba. Sai dai ya ce, "Kai, sa mana Kan Jirgi."

Bari in ɗan yi bayani don waɗanda ba su san irin kiɗan ba. Reshe ne na kiɗan rok wanda masu shi ke kira furog. Ya tsiro a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, daga samarin da suka gaji da waƙar minti uku ta soyayya da ake yi don rediyo. Da yawansu sun tashi da kiɗan coci da na manyan mawallafan Turai na da, sai suka ce me zai hana a ɗauki jitar lantarki da ganga a yi gini irin wancan, mai hawa da sauka, mai canza kari a tsakiya, wanda waƙa ɗaya za ta cinye fuskar faifai guda. Manyansu su ne King Crimson da Genesis da Emerson, Lake & Palmer da Yes. Masu sharhin Turawa da yawa sun yi ta yi musu ba'a, wai sun cika tsawaitawa da nuna gwaninta. Ni dai tsawon bai taɓa damuna ba. Wanda ya saba zama ya saurari Bakandamiya daga farko har ƙarshe, minti goma sha takwas ba za su gajiyar da shi ba.

Ita kuwa bes, a yawancin ƙungiyoyi aikinta aikin harsashin gini ne. Mai kaɗa ta yana can baya kusa da mai ganga, yana maimaita 'yan sautuka uku ko huɗu, ba mai kallonsa. In yana nan ba a lura, sai ya tsaya a ji waƙa ta zama fanko. Na shekara talatin da ɗaya ina aikin sauti a wani gidan rediyo, don haka na san wulaƙancin da bes ke sha. Tsirkiyarta mafi kauri, in an kaɗa ta a sake, sau 41 kawai take girgiza a daƙiƙa. 'Yar sifikar rediyon hannu da mutanenmu ke ratayawa a kafaɗa ba ta iya fitar da wannan ko kusa. Sai ka ɓata dare kana daidaita sauti a situdiyo, ka fito ka ji waƙar a rediyon mai shayi, bes ɗin ya ɓace kamar ba a taɓa kaɗa shi ba. Na Squire ne kaɗai ban taɓa ji ya ɓace ba. Ko a rediyo mai batir biyu yana nan tsaye yana gurnani. Neman dalilin haka shi ya fara sa ni buɗe bayan amfilifayar Yaya in yana wurin aiki, daga nan kuma na tafi koyon aikin lantarki.

Dalilin, da na gane shi daga baya, ba asiri ba ne. Yawancin masu bes na lokacin da yatsa suke kaɗawa, a kan tsirkiya mai santsi, sauti ya fito dunƙule kamar an rufe shi da bargo. Shi da ɗan ɓallin roba yake duka, kuma yana riƙe shi gajere ta yadda bayan robar ta bugi tsirkiya, gefen babban yatsansa zai shafe ta nan take. Tsirkiyarsa ta kamfanin Rotosound ce, mai kaushi, irin wadda John Entwistle na ƙungiyar The Who ya taimaka aka ƙera. Sai babbar dabarar: jitarsa tana da na'urar ɗaukar sauti biyu, ɗaya kusa da wuya ɗaya kusa da gindi. Maimakon ya haɗe su a waya ɗaya kamar kowa, sai ya raba. Ta wuyan, mai kauri, ya tura ta amfilifayar bes. Ta gindin, mai kaifi, ya tura ta amfilifayar jita ya buɗe mata wuta har ta fara ƙuna. Kaurin ya fito tas bai dagule ba, kaifin kuma ya hau kansa. Wannan kaifin ne 'yar rediyo ke iya fitarwa, kunne kuma da ya ji shi sai ya cike sauran da kansa. Shi ne kuma abin da ya sa Yaya haska sifika da tocila.

Ita kanta jitar tana da tarihi. Ƙirar kamfanin Rickenbacker ce, ya saye ta a 1965 lokacin yana yaron kanti a shagon kayan kiɗa na Boosey & Hawkes a titin Regent na Landan, da ragin da ake yi wa ma'aikata. Da zamanin 'yan hifi (hippie), matasan Turawa masu yayin furanni, ya zo ya manna mata takardar bango mai furanni. Da yayin ya wuce ya kai wa mai gyara aka kankare. Ya sake manna mata takarda mai ƙyalli, aka sake kankarewa, sannan aka shafa mata fenti mai launin madara. Garin kankara katakon ya rage kauri da nauyi, shi da kansa yana ganin hakan na cikin abin da ya ba ta muryar da babu irinta. Gaba ta kai shi, gobarar Titi. Da wannan jitar ya yi ta yawo a duniya shekara hamsin.

Yadda ya kai ga kantin ma abin dariya ne. An haife shi ranar 4 ga Maris 1948 a unguwar Kingsbury a arewa maso yammacin Landan, ubansa direban tasi. Yana yaro yana cikin 'yan waƙar cocin St Andrew na unguwarsu, ƙarƙashin wani malamin waƙa Barry Rose, wanda daga baya ya riƙe mawaƙan babban cocin St Paul. A 1964 hedimasta ya kore shi da abokinsa saboda sun tara suma, ya ba su sule biyu da sisi su je wurin wanzami. Suka sa kuɗin a aljihu suka tafi gida, bai sake komawa makarantar ba. Ba ina ba yara shawarar su yi koyi da shi ba ne. Amma waƙar cocin nan ba ta bar shi ba. Duk wanda ya kasa kunne zai ji bes ɗinsa ba bin waƙa yake ba, tasa waƙar yake rerawa a ƙarƙashin ta sama, su biyun suna saƙa kamar zare da zare. Ga shi kuma shi ne babban ɗan amshin ƙungiyar. Siririyar muryar Jon Anderson, babban mawaƙin ƙungiyar, rabin daɗinta muryar Squire ce da ke manne da ita. Yatsu na wani kari, baki na wani, a lokaci guda. Ka tambayi duk makaɗin da ka sani wuyar wannan.

Da Anderson ɗin suka haɗu a 1968 a wani ɗan kulob na unguwar Soho mai suna La Chasse, suka tarar ra'ayinsu ya zo ɗaya a kan haɗa muryoyi. Suka tara Bill Bruford a ganga, Tony Kaye a ogan, Peter Banks a jita. Kafin shekarar ta ƙare, ranar 26 ga Nuwamba, suna cikin waɗanda suka buɗe fage a wasan bankwana na ƙungiyar Cream a zauren Royal Albert. Mai gangar Cream ɗin, Ginger Baker, shi ne wanda daga baya ya zo ya zauna a Legas ya kafa situdiyo ya yi kiɗa da Fela. Duniya ba ta da faɗi.

Bruford ne ya raɗa wa Squire suna Kifi, saboda daɗewarsa a wanka. An ce a wani otal a Oslo ya bar famfo har ruwa ya malale ɗaki. Sunan ya bi shi: a faifan Fragile akwai wani ɗan kiɗa mai wannan suna wanda kusan duk sautukan da ke ciki, ban da ganga da murya, da bes ya jera su ɗaya kan ɗaya. Faifan da ya yi shi kaɗai a 1975 ma Fish Out of Water ya sa masa, wato kifi a tudu. Kuma ya yi suna wajen makara. Abokan aikinsa sun sha faɗin yadda za a zauna jiransa, in ya zo kuma ya ɓata sa'o'i yana murɗa maɓalli biyu yana neman sautin da ke kansa. Da na karanta haka na yi dariya, don mun yi irin wannan mutum a wurin aikinmu, kuma in an tsananta bincike ni ne.

Ƙungiyar nan ta taɓa jawo mini takardar gargaɗi. Wani dare a 1981 ina kan aiki, mai gabatarwa bai zo ba, tef ɗin shirin da zai cike gurbi kuma ya tsinke a cikin inji. Shiru a iska shi ne babban zunubi a aikinmu. Abin da ke kusa da hannuna faifaina ne na Close to the Edge, na 1972, da na zo da shi don gwada sababbin sifikun situdiyo. Na san fuskar farko waƙa ɗaya ce mai minti goma sha takwas da ɗoriya, ta ishe ni in ɗinke tef. Na ɗora. Abin da na manta shi ne yadda take farawa: kukan tsuntsaye da ƙarar ruwa, sai kuma kowane makaɗi ya ruga a guje kamar an saki dawaki a filin sukuwa. Ba a yi minti biyar ba shugaban sashenmu ya bugo waya daga gida yana tambaya ko injin watsa shiri ne ya lalace. Na ce a'a ranka ya daɗe, kiɗa ne. Ya ce, "Kiɗan aljanu?" Washegari na tarar da takarda a tebur. Tana nan a fayil ɗina har yau, kuma da za a mayar da ni daren, faifan nan zan sake ɗorawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai tun da Squire ya mutu shi ne zamansa. Yes ƙungiya ce da ba ta san zaman lafiya ba. Banks ya fita a 1970 Steve Howe ya shigo. Kaye ya fita Rick Wakeman ya shigo, shi kuma Wakeman ya yi ta fita yana dawowa kamar mai yaji. Bruford ya koma King Crimson a 1972, Alan White ya gaje shi. A 1980 Anderson da kansa ya tafi. A 1981 abin ya watse gaba ɗaya, har Squire da White suka ɗan gwada wata tafiya da Jimmy Page na Led Zeppelin wadda ba ta kai ko'ina ba. Kowa ya ɗauka an gama. Sai ga Squire ya jawo wani matashi ɗan Afirka ta Kudu, Trevor Rabin, ya dawo da Kaye, ya lallaso Anderson, suka fitar da faifan 90125 a 1983, waƙar da ke kan gaba a ciki ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a farkon 1984, abin da ba su taɓa samu ba a zamanin dogayen waƙoƙi. Faifai ashirin da ɗaya ƙungiyar ta naɗa a situdiyo daga 1969 zuwa 2014, kuma mutum ɗaya tak ne yake cikin dukkansu. Shekara arba'in da bakwai ana cire taragu ana sa wasu, kan jirgin bai canza ba. Yaya bai san duk wannan tarihin ba lokacin da ya raɗa sunan.

Ba zan wanke shi tas ba don ya mutu. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A 2008 Anderson ya kwanta da ciwon numfashi mai tsanani, ƙungiyar ba ta jira shi ba, suka ɗauko wani ɗan Kanada, Benoît David, wanda dama kwaikwayon muryar Anderson yake yi a wata ƙaramar ƙungiya, suka fita yawon wasa da shi. Abin ya yi mini zafi. Mutumin da kuka fara tun kuna neman na abinci, ciwo ya kayar da shi, ka sa mai kwaikwayonsa a gurbinsa? Na yi kusan shekara biyu ban sa faifansu ba. Faifansu na ƙarshe da shi kuma, Heaven & Earth na 2014, ba shi da gishiri, sau biyu na saurara na ajiye. Sai dai yanzu ina ganin halin da ya sa ya ƙi jiran Anderson shi ne dai halin da ya hana ƙungiyar mutuwa a 1981. A wurinsa jirgi ba ya tsayawa don wani, kuma da abin ya zo kansa bai canza magana ba. A watan Mayu, da aka bayyana ciwonsa, shi ya ce Billy Sherwood ya riƙe masa bes a ci gaba da wasannin da aka shirya. Kwana arba'in bai cika ba bayan sanarwar ya tafi, ya bar mata da 'ya'ya biyar.

Labarin ya same ni daren Lahadi, mun dawo daga asham. Autana, wanda yake aikin haɗa kiɗan waƙoƙin fim a wani situdiyo, shi ya miƙo mini waya ya ce, "Baba, ba mutumin nan naka ba ne?" Na karanta na mayar masa ban ce komai ba. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, sai na tsinci kaina ina laluben lambar Yaya a wayata, mutumin da ya shekara shida a ƙasa. Shi kaɗai ne a duniyar nan da zan ce wa Kan Jirgi ya tsaya ya gane abin da nake nufi. A nan hawaye suka zo, kuma har yanzu ban iya rarrabe na wa na zubar ba a cikin su biyun.

Ba na sa kiɗa da azumi, don haka na bari sai bayan sallah. Rana ta uku na sauko da adakar faifai daga saman kwaba. Bangon Fragile ya ci gefe, 'yar duniyar ta koɗe, akwai tambarin gindin kofin shayi a kanta tun na gidan reluwe. Ina haɗa wayoyi aka ɗauke wuta, sai da autan ya tayar da janareto. Na sa fuska ta biyu, waƙar ƙarshe, Heart of the Sunrise. Bayan guguwar farko akwai inda komai ke lafawa, a bar bes shi kaɗai yana taku a hankali, Bruford na bin sa da ganga kamar mai rakiya, ogan na tasowa daga nesa. Yaron yana tsaye a bakin ƙofa zai fita, sai ya dawo ya zauna a ƙasa. Shi a wurin aikinsu da yatsa ɗaya ake danna bes a jikin fiyano, kwamfuta ta maimaita har waƙa ta ƙare, kuma na sha gaya masa wannan ne ya sa waƙoƙinsu duk suke kama da juna kamar bulo. Da aka gama ya ce, "Baba, wannan mutum ɗaya ne yake yi, da hannu?" Na ce da hannu. Ya ce in mayar. Sau uku muka mayar kafin man janareto ya ƙare.

Ranar 7 ga Agustan nan, kwana arba'in da ɗaya da mutuwarsa, Yes suka hau dandali a jihar Connecticut, karo na farko a tarihinsu babu shi. Autan ya nemo mini hoton bidiyon a intanet. Kafin su fito an rage fitilu, aka bar haske ɗaya a kan jitar nan mai launin madara, an ajiye ta daidai inda yake tsayawa, ana sa wata waƙa mai sanyi da ya rubuta a faifansu na 1978. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, kuɗin jirgi bai taɓa haɗuwa da lokaci ba. Amma jitar na gane ta kamar yadda ake gane rigar mamaci a rataye.

Malam Edita, in ka ga wasiƙar ta cancanci fita, ina da roƙo biyu. Idan za a sa hoto, a nemi wanda yake riƙe da Rickenbacker ɗin, dogo ne ƙato, ba zai ɓace ba, kada a sa na Anderson kamar yadda aka saba in ana maganar Yes. Na biyu, allurar garmahona ta cinye, ranar nan da ƙyar ta kai ƙarshen faifai, kuma na zaga kasuwar Kaduna masu kayan lantarki suna kallona kamar na tambayi ƙwan zakara. In akwai mai karatu da yake da wadda ba ya amfani da ita, ko ya san inda ake samu a Kano ko Jos, ya taimaka ya bar saƙo ta ofishinku. Zan biya.

Naka mai karatu kullum,
Tsohon ma'aikacin sauti mai ritaya,
Kaduna.
Agusta, 2015.